Yadda ake zanen ecin a kan jan ƙarfe irin na mutanen Holan, daga wanke faranti har bugu a takarda

Jama'a tambayoyi sun yi yawa a kan waɗannan ƙananan zanukan baƙi da fari na mutanen Holan, masu nuna manoma da masu talla da tsofaffi a bakin ƙofa, wasu na cewa da alƙalami aka yi wasu na cewa da fensir. To ba ko ɗaya. Ecin ake ce masa, a kan farantin jan ƙarfe ake zanawa, asid ya ci layukan, a cusa tawada a ramin sannan a matse a kan takarda mai danshi. Da haka Rembrandt ya yi wajen guda 300, Adriaen van Ostade na garin Harlem ya yi wajen 50, ɗalibansa Cornelis Bega da Cornelis Dusart suka ɗora. Kuma gaskiya aikin bai canza sosai ba tun shekarun 1600 ɗin, asid ɗin ne kawai muka samu wanda haɗarinsa bai kai na da ba. Ga yadda zaka yi naka.

1. Kayan aiki da inda kuɗin yake tafiya

Farantin jan ƙarfe mai kaurin milimita 1 ko kusa da haka, ƙarami, kamar santimita 10 a 8. Dan Allah kar ka ce zaka fara da babba, su kansu gwanayen ƙanana suka fi yi, matar nan mai suyar fanke da Rembrandt ya zana a 1635 kusan santimita 11 ne a 8, tafin hannu ma ya rufe ta. Sai magagari, samfefa mai laushi sosai, Brasso man goge ƙarfe, garin alli, binega da gishiri. Sai kakin zuma, garin kwalta da rozin ɗin da masu gyaran rediyo ke sodar da shi, ko kuma ka sayi haɗaɗɗen kakin ecin in kana da hanyar oda. Allurar ɗinki mai ɗan kauri da zaka soka a sandar buroshi ko a tsohon biro. Ferik kulorayid, shine asid ɗinmu, wanda masu haɗa allon lantarki ke cin jan ƙarfe da shi, a shagunan kayan lantarki ko na kemikal ake samu. Robar wanki mai faɗi, safar hannu ta roba, tabarau, salatif mai faɗi na ɗaure kwali, jan farce. Tawadar bugu, yadi mai raga-raga na auduga da aka sa wa sitaci, takarda mai kauri ta auduga, guntun bargon ulu, da injin matsewa.

Maganar kuɗi kuwa injin shine babba, shi kaɗai ya fi duk sauran kayan in an haɗa su, shi ya sa nake cewa kar ka saya tun farko, zan yi bayaninsa a mataki na 9. Bayansa sai takarda da tawada ta ainihi saboda yawanci daga waje suke zuwa kuma da dala suke tashi. Jan ƙarfe da kilo ake sayarwa, ƙaramin faranti ba zai karya ka ba kuma zaka iya kankare shi ka sake amfani da shi. Ferik ba tsada kuma kwalba ɗaya tana cin faranti da yawa kafin ta gaji.

Gargaɗi tun a kasuwa: kwanon rufi ba tutiya bane zalla, baƙin ƙarfe ne aka shafa masa tutiya, baya wannan aikin. Allon lantarki ma jan ƙarfen da ke kansa siriri ne ƙwarai, asid zai huda shi kafin layi ya yi zurfi. Kuma ƙaro ba zai maye rozin ba, ƙaro ruwa yana narkar da shi.

2. Ka fara kallo kafin ka taɓa ƙarfe

Nan mutane suke tsallakewa kuma nan ne rabin aikin. Ka shiga shafin gidan tarihin Rijksmuseum na Amstadam, hotunansu kyauta ne kuma ana iya zuƙo su sosai, ka rubuta Ostade. Ka nemi mai gyaran takalmin nan na 1671, da matar da ke kaɗi a bakin ƙofa, da mai wasa wuƙa, da mai burodi da ke busa ƙaho don a san burodi ya fito, da iyalin nan na 1647 a cikin ɗakin kara. Na Rembrandt ka duba mai sayar da maganin ɓera na 1632 da mabaratan da ake ba sadaka a ƙofar gida na 1648.

Ka zuƙo har layukan su rabu da juna. Zaka ga babu launin toka ko ɗaya a wurin, duk abinda idonka ke gani kamar inuwa layuka ne aka jera kusa da kusa, wani wurin aka gicciya su. Zaka ga fuska da hannu layuka kaɗan ne sirara, wani lokaci ɗigo-ɗigo kawai, amma lungun ɗaki da ƙarƙashin rufin ciyawa da bayan ƙofa an cika su dam. Hasken kuma daga wuri ɗaya yake shigowa, taga ko ƙofa ko murhu, kuma farar takardar ce hasken, ba'a zana shi, barinsa ake yi. In ka gane wannan ka gane Ostade.

Ni abinda yasa nake son nasa musamman na baya-bayan, baya wulaƙanta mutanen. A zamanin akwai masu zana manoma kamar sakarkaru don attajiran birni su saya su yi dariya, shima a farkon aikinsa akwai irin wannan hayaniyar ta mashaya, amma daga baya sai ka ga uwa na ba yaro abinci, tsoho na gyara takalmi kare na kwance, kowa da mutuncinsa. In zaka kwaikwayi wani abu to wannan idon zaka kwaikwaya.

Ka kwafi ɗaya ko biyu da biro a takarda, biro ba fensir ba, don biro baya gogewa kuma baya baka toka sai ka jera layi, daidai da allura kenan. Bayan nan sai ka zana naka daga abinda ke gabanka, mai faskare ko mai shayi ko tsohuwa mai tankaɗe, amma ka nemi izininsu tukuna. Wanda kuma baya zana mai rai saboda fahimtarsa ta addini ba'a bar shi a baya ba, Rembrandt yana da zanukan bukkokin ƙauye da rumbunan ciyawa da bishiyoyi da yawa, hanyar aikin ɗaya ce.

3. Gyaran faranti

Ka ɗora farantin a bakin tebur ka goge gefunan huɗu da magagari a karkace, su kwanta, kusurwoyin ma ka dakushe su. In ka bar kaifi zai yanka takarda ya yanka bargo lokacin bugu, wani lokacin har hannunka. Sai ka bi fuskar da samfefa mai laushi da ɗan ruwa, sannan Brasso har ka fara ganin fuskarka a ciki. Duk wani karce da ka bari zai riƙe tawada ya fito a takarda.

Sai cire maiƙo. Ka kwaɓa garin alli da binega ka goge fuskar da tsumma mai tsabta, ka ɗauraye. Gwajin shine ka zuba ruwa, in ya kwanta shimfiɗe ko'ina to ya wanku, in ya tattaru ɗigo-ɗigo akwai sauran maiƙo ka sake. Daga nan kar yatsanka ya sake taɓa fuskar, ta gefe zaka riƙa ɗauka. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana kaki kamawa, kuma ba zaka sani ba sai cikin asid lokacin da ya ɗago.

4. Shafa kaki

Kakin nan shine garkuwar ƙarfen, kamar yadda mata ke manna salatif kafin su sa lalle, inda aka rufe baya kamu inda aka buɗe shine yake ci. In da kanka zaka haɗa, kashi 2 kakin zuma, kashi 2 garin kwalta, kashi 1 rozin, a narka a tsohon gwangwani a wuta kaɗan kaɗan a waje ba cikin ɗaki ba, ana juyawa, sai a zuba a ruwan ɗumi a dunƙule shi. Haɗin nan yana kama wuta in ya yi zafi da yawa, ka ajiye murfi kusa, kuma kar ka zuba masa ruwa in ya kama, rufewa ake yi.

Ka kife dutsen guga na lantarki fuskarsa sama ka ɗora farantin, zafi matsakaici. Ka goga dunƙulen kakin wuri uku huɗu ya narke, sai ka baje shi da rolar roba ko da ƙullin tsumma mai santsi da aka cusa wa auduga, kana dannawa kana ɗagawa har ya zama siriri iri ɗaya, kalar ruwan shayi, kana hango jan ƙarfen ta ciki. In ya fara hayaƙi ya ƙone, zai riƙa farfashewa a ƙarƙashin allura, ka wanke da kananzir ka sake daga cire maiƙo. In yayi kauri allura zata riƙa jan sa tana toshe layi, in yayi siriri da yawa asid zai huda.

Mutanen da suna baƙanta shi da hayaƙin kyandir don layin ya riƙa ƙyalli ja a kan baƙi. Farantin na da ɗumi zaka riƙe shi da filaya fuska ƙasa, ka riƙa wuce harshen wutar a ƙarƙashi ba tsayawa, harshen ya taɓa amma lagwanin kar ya taɓa. Ba dole bane amma yana taimakon ido sosai.

Abu biyu na yanayinmu: lokacin hunturu ƙura na sauka a kakin tun bai daskare ba, kowace ƙwayar ƙura zata zama ɗan rami, don haka ka kifa masa kwano yana hucewa. Lokacin zafi kuma kakin na yin laushi, kakin zuma a wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, kar ka bar faranti a rana ko a cikin mota.

5. Ɗora zane da jan allura

Duk abinda ka zana a faranti a juye zai fito, dama ta koma hagu. In mutuminka da hannun dama yake riƙe guduma to a faranti sai ka sa masa a hagu, sunanka da shekara ma a juye zaka rubuta. Ka riƙa duba zanenka a madubi. Ko Rembrandt akwai bugunsa da harafi ko lamba ta fito a juye, to ka kula.

Ka shafa jan alli ko fensir mai laushi a bayan takardar zanenka, ka ɗora a kan kakin ka bi manyan layukan kawai da biro a hankali. Manya kawai, inda kai yake, inda ƙofa take. In ka kwafe komai da komai zanen zai fito a sandare, daɗin ecin shine hannu ya sake.

Yanzu allura. Ka ɗan dakushe tsinin a kan dutse don ta riƙa zamewa ba tona ba. Aikinta kawai ta buɗe kaki har ka ga ƙyallin jan ƙarfe, ba ita zata haƙa ƙarfen ba, wannan aikin asid ne. Kuskuren da ya fi yawa guda biyu ne kuma kishiyoyin juna ne: wani baya dannawa sosai, siririn kaki ya rage a cikin layin, asid ya tsallake wurin layin ya fito a tsittsinke, wani kuma yana danna ƙarfinsa allura ta riƙa sarƙewa layin ya rasa laushi. Ka riƙe ta yadda kake riƙe biro. Ka sa takarda mai laushi a ƙarƙashin hannunka, ko ka ɗora katako a kan littattafai biyu ya zama gada hannunka ya hau, don zafin hannu da zufa na ɓata kakin. Ɓarɓashin da allura ke fitarwa ka share da buroshi mai laushi.

Wurin inuwa ka bar ɗan fili tsakanin layuka. Asid ba ƙasa kawai yake ci ba har gefe yake ci, in layukan sun matsu da yawa bangon da ke tsakaninsu zai rushe su haɗe su zama fili ɗaya, kuma filin nan baya riƙe tawada, wurin da kake son baƙi ƙirin sai ya fito fari-fari kamar ya koɗe. Gicciye hawa biyu ya isa a zagayen farko, in kana son ƙarin duhu ka bari sai zagaye na biyu. Fuska kuma ka yi mata rowa, hanci, inuwar ido, layin baki, shikenan. In ka yi kuskure ka ɗiga jan farce ka rufe layin, ya bushe, asid ba zai gan shi ba.

6. Rufe baya da gefe

Salatif mai faɗi a bayan farantin gaba ɗaya, gefuna kuma jan farce. Ka bar wutsiyar salatif doguwa wadda zaka riƙa ɗago shi da ita. Wanda ya manta wannan matakin asid zai cinye bayan ya kuma gajiyar da kansa a banza.

7. Cin asid

Nan ne zane yake samun zurfinsa, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa. A waje ko wurin da iska ke wucewa, safar hannu, tabarau, tsofaffin kaya don tabon ferik baya fita. Robar roba ko gilashi kawai, ban da kwanon ƙarfe ko na silba don zai cinye su. In garin ferik ka samu ba ruwansa ba, garin ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba ruwa a kan gari ba, saboda yana ɗaukar zafi. Kar ka taɓa zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, ka rubuta suna a jiki ka ɗaga shi sama inda yara basa kaiwa. In ya fantsama a ido ka wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna ka tafi asibiti.

Wasu zasu ce maka ka nemi naitirik asid wai ya fi sauri. Dan Allah ka rabu da shi, hayaƙinsa guba ne ga huhu kuma yana ƙona fata nan take. Haka kuma kar ka jefa tutiya ko alminiyam a ferik, tafasa yake yi yana fidda iska mai kama wuta. Jan ƙarfe kawai.

Ferik yana da hali ɗaya, yana barin laka a cikin layin da yake ci, lakar ta toshe ta hana shi ci gaba. Maganin shine ka kifa farantin fuska ƙasa a kan ƴan guntayen roba a kusurwoyi don lakar ta riƙa zubowa, ko ka tsayar da shi a tsaye a doguwar roba. Wasu na ƙara ruwan sitirik asid, irin wanda masu haɗa lemo ke saya, kashi 1 a cikin kashi 4 na ferik, yana narkar da lakar. In ka kifa ka tabbata ba kumfar iska da ta maƙale a ƙasa, ka ɗago bayan minti ɗaya ka duba.

Minti nawa? Ya danganta da ƙarfin ruwanka da zafin gari, a watan Afrilu zai ci da sauri fiye da Janairu, sabo kuma ya fi tsoho ci. Shi ya sa dole ka yi gwaji da guntun jan ƙarfe: ka shafa kaki, ka ja layuka daga farko har ƙarshe, ka tsoma minti 10 ka fitar ka rufe wani yanki da jan farce, ka mayar minti 10 ka rufe na gaba, haka har ka kai awa ɗaya. In ka buga wannan guntun zaka ga da idonka layin minti 10 da na 30 da na 60, ka rubuta a ajiye. Wannan guntun ya fi duk wata lamba da wani zai baka.

Sai ka yi wa farantin gaske irin haka. Tsomawar farko gajera, ka fitar ka ɗauraye da ruwa ka bar shi ya bushe, ka rufe duk abinda kake so ya zama mai haske ko mai nisa, sama, bishiyar can baya, fuskoki. Ka mayar. Tsomawa ta biyu ka rufe tufafi da bango. Ta ƙarshe sai a bar lungu da ƙarƙashin tebur da abinda ke gaba-gaba su yi zurfi. Da allura ɗaya ka zana komai amma sai ka samu layi kala uku, na nesa siriri, na kusa mai kauri, kuma wannan ne yake sa ka ji kamar zaka iya shiga ɗakin. Wanda ya tsoma sau ɗaya ya fitar, komai zai fito da murya ɗaya, mutum da bango da kaza duk nauyinsu ɗaya.

Kowace fitarwa ka duba da kyau, in ka ga kaki ya fara ɗagowa ko ƙananan ɗigo na ƙyalli inda baka zana ba, ka tsaya ka rufe su. In kana shakka ko ya isa to ka cire, layin da bai yi zurfi ba ana iya ƙara masa, wanda ya zarce gyaransa wahala ne.

Tsohon ruwan kar ka zuba a kwata ko kusa da rijiya, jan ƙarfen da ya narke a ciki yana kashe kifi da shuka. Ka zuba masa bekin soda kaɗan kaɗan har ya daina kumfa, ka bar lakar ta kwanta ta bushe, ka ƙulle ta daban.

8. Wankewa da cusa tawada

Ka cire salatif, kananzir ya wanke kaki, asiton na goge farce ya cire jan farcen, sai binega da gishiri su cire dusashewar da ferik ya bari. Ka bi layukan da farce zaka ji suna kama shi.

Tawadar ecin ta ainihi ita ce daidai. Ta masu maɗaba'a ana iya lallaɓawa da ita amma tana da danƙo, gogewa na wahala. Tawadar allo ko ta biro ko ta hatimi basa yi sam. Ka ɗan ɗumama farantin, ka ɗebi tawada da guntun kwali ka shafe fuskar duka kana turawa ta kowane ɓangare don ta shiga ramin, sai ka kwashe ta sama da gefen kwalin. Ka murtsuke yadin sitacin ya yi laushi ka dunƙule shi ƙasansa a baje, ka riƙa gogewa a zagaye ba dannawa, zanen zai fara bayyana. Ka canza zuwa mai tsabta. Ƙarshe ka shafa ɗan alli a gefen tafin hannu ka riƙa sharewa da sauri sama-sama, ko ka yi da takardar jarida a shimfiɗe. Ka goge gefuna tas.

Yawancin masu farawa suna wuce gona da iri a gogewa, su kwashe har ta cikin layin, bugu ya fito a koɗe sai su ɗora laifin a kan asid. Tsumma mai laushi ko auduga shi ke jawo haka don yana shiga ramin, shi yasa ake son mai sitaci. Kuma ba dole sai fili ya yi fari fat ba, Rembrandt da gangan yake barin siririn hazo na tawada a wasu wuraren don ya ba da yanayin yamma ko cikin ɗaki, ka gwada ka bar shi a lungu ka share wajen taga kawai.

9. Takarda da bugu

Takarda mai nauyin gram 250 zuwa 300 a murabba'in mita, ta auduga, irin ta masu zanen ruwa ma tana yi in ba mai ƙurji bace sosai. Takardar fotokwafi yagewa take yi. Ka jiƙa ta a ruwa minti 15 zuwa 30, ka fitar ka sa tsakanin tawul biyu ka danna har ƙyallin ruwa ya ɓace, ta zama mai sanyi da laushi kawai. In ta jiƙe da yawa tawada zata ƙi kamawa, in ta bushe ba zata lanƙwasa ta shiga layin ba. Da hunturu cikin ƴan mintuna take bushewa, ka ajiye ta a leda har sai ka gama goge faranti. Ka wanke hannu ko ka kama ta da guntun takarda a ninke.

Jerin shine faranti a ƙasa fuska sama, takarda mai danshi a kai, jarida mara rubutu ko farar takarda, sai bargo. A wuce da shi tsakanin rola sau ɗaya ba tsayawa a tsakiya, in ka tsaya zai bar layi a gicciye. Ka ɗaga takardar daga kusurwa ɗaya a hankali. In matsin ya isa zaka ga gurbin gefen farantin ya kwanta a takardar, in ka shafa layukan bayan sun bushe zaka ji sun ɗan taso.

Injin fa? Wurin fara tambaya shine sashen zane na jami'a ko kwalejin ilimi inda ake koyar da bugun zane, irin na ABU Zariya, ka gama farantinka biyu uku ka je da takardarka da tawadarka ka nemi alfarma. In babu, injin murza taliya yana buga ƙaramin faranti siriri wanda faɗinsa bai wuce bakin injin ba, ka buɗe shi a lamba mafi faɗi ka sa siririn bargo, amma ka ware shi daban kar ya sake komawa kicin. Mai walda da ya iya aiki ma zai iya haɗa maka na rola biyu in ka nuna masa hoto, sharaɗin rolar su zama a miƙe daidai. Goga bayan cokali kuwa yana ɗan nuna maka zanen ne kawai, baya fidda sirirun layuka.

Ka busar da bugun tsakanin kwalaye masu tsabta da nauyi a kai kwana biyu uku, in ba haka ba zai kumbura ya lanƙwashe. Tawadar kanta tana ɗaukar kusan sati kafin ta bushe sosai.

10. Gyara da sake bugu

Bugun farko gwaji ne, kar ranka ya ɓaci in bai yi ba. Ka ɗauki biro ka zana a kansa inda kake son ƙarin duhu. Sai ka wanke faranti, ka cire maiƙo, ka sake shafa kaki, wannan karon ka tura shi sosai ya cika tsofaffin layukan kuma kar ka baƙanta da hayaƙi don ka riƙa hango su, ka ƙara sababbin layuka ka mayar asid. Su Ostade da Rembrandt haka suke yi, shi yasa a gidajen tarihi zaka ga zane ɗaya da mataki na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da ɗan bambanci. Ka riƙa ajiye bugu ɗaya na kowane mataki ka rubuta lamba a baya.

Layin da yayi yawa ana kankare shi da wuƙa mai kaifi a kwance, sannan a murje wurin da bayan ƙaramin cokalin ƙarfe da ɗigon mai har yayi santsi. In ɗan ƙarin baƙi kake so a wuri kaɗan zaka iya karce ƙarfen kai tsaye da allura mai ƙarfi ba asid, ɓarɓashin da ya tashi a gefen layin yana riƙe tawada ya ba da baƙi mai laushi, sai dai baya daɗewa, bayan bugu kaɗan matsin inji ya kwantar da shi.

In ka gamsu sai ka buga adadin da kake so, kowane bugu sai an sake cusa tawada an sake gogewa daga farko. Sa hannu da fensir a ƙasa da rubuta lamba kamar 3/20 al'ada ce da ta zo daga baya, mutanen 1600 a cikin farantin suke sa suna, amma in sayarwa zaka yi ka sa lambar kuma ka tsaya a kan adadin da ka faɗa. In ka gama ka wanke tawadar tas daga cikin layukan kafin ta bushe a ciki, ka shafa wa farantin ɗan basilin, ka naɗe shi a takarda ka ajiye inda ba danshi.